Haruffan Turanci a hargitse: wace hanya ake bi a fitar da kalma?

Malamar Aji Shida

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan abin. Cikin tambayoyin da ake ba yara masu shirin jarrabawar shiga sakandare akwai irin waɗanda ake hargitsa haruffan kalmar Turanci, a ce yaro ya sake jera su. Yawancinsu canka kawai suke yi, su rubuta su goge har lokaci ya ƙare. Shin akwai tsayayyiyar hanya da za a ɗora su a kai? Sannan idan haruffan suka ba da kalma fiye da ɗaya fa? Misali H, C, E, R, A, E, T. Takardar amsa ta ce TEACHER, yaro kuma ya rubuta CHEATER. A ba shi maki ko a hana shi? Na ƙarshe, manhajojin waya masu warware haruffa, a bar yara su yi amfani da su a gida?

Tsohon Hedimasta

Wa alaikumus salam, Malama. Hanya kam akwai ta, amma ki fara nuna musu dalilin da ya sa canka ba za ta fisshe su ba. Haruffa uku mabambanta ana iya jera su ta hanya 6. Huɗu, 24. Biyar, 120. Shida, 720. Bakwai kuwa 5,040. Yaron da ke rubuta jeri ɗaya a kowace daƙiƙa ba hutawa sai ya kusa cinye awa ɗaya da rabi a kan tambaya guda. Saboda haka aikin duka shi ne rage yawan haruffan da ke yawo: a ɗaure biyu ko uku wuri ɗaya su zama guntu guda.

Kafin komai, a fitar da haruffan daga layin da aka ba da su. Ido yana maƙalewa a kan jerin farko da ya gani, ya yi ta karanta shi kamar kalma. Yaro ya sake rubuta su a da'ira, ko kuma wasula a sama, baƙaƙe a ƙasa. A aji kuwa abin da ya fi shi ne haruffan da hannu zai iya turawa. Murfin kwalbar lemo ya wadatar, a rubuta harafi a cikin kowanne da maka. A rubuta manyan haruffa, domin ƙananan b, d, p da q idan murfi ya juya ba a bambance su. Ko a manyan ma M na komawa W, N na komawa Z, don haka a ja ɗan layi a ƙarƙashin kowane harafi.

Bayan an ware wasula, sai a leƙa ƙarshen kalma tun kafin farkonta. Turanci ya fi bayyana kansa ta ƙeya. A duba ko akwai ING, ED, ER, EST, LY, TION, NESS, MENT, FUL, LESS, ko S ta jam'i. Ɗauki N, G, I, D, A, E, R. Idan aka cire ING aka ajiye a dama, saura D, A, E, R, wato an sauko daga jeri 5,040 zuwa 24. Nan take READ za ta fito, an sami READING. Ɗauki T, O, N, I, A, T, S. Cire TION, saura S, T, A, jeri 6 kacal, ga STATION. In ƙeya ba ta ba da komai ba sai a koma goshi: UN, RE, DIS, MIS, PRE, OUT, OVER.

Daga nan sai haruffan da ba sa tafiya su kaɗai. Q tana jan U. H idan ba ita ta buɗe kalma ba, kusan kullum tana bayan C, S, T, W, P ko G. CK ba ta fara kalma, bayan gajeren wasali take zuwa. Kalmomin yau da kullum ba sa ƙarewa da V, J ko Q, shi ya sa idan aka ga V da E a gajeriyar kalma sai a fara gwada su a ƙarshe, kamar GIVE, HAVE, LOVE. Idan wasula sun yi yawa a haɗa su biyu-biyu, EA, OU, AI, OA, EE, OO, ko a aje E ɗaya a ƙarshe a matsayin wadda ba a furtawa.

Inda yara ke faɗuwa bayan sun koyi wannan shi ne nacewa. Sun ga I, N, G, sai su rantse ING ce. To ga G, I, N, E, R, F. An cire ING, saura F, E, R, ba abin da zai fito. Amsar FINGER ce ko FRINGE. Haka H, T, G, I, N: da ING a sami THING, amma da IGHT a sami NIGHT. Ki sa musu doka: guntun da aka ɗaure, idan an juya sauran sau uku ko huɗu bai ba da komai ba, a kwance shi a gwada wani. Kuma a ƙarshe yaro ya soke kowane harafi ɗaya bayan ɗaya yana daidaita shi da amsarsa. Makin da ke zubewa a kan ƙara harafin da babu, ko mantawa da E ta biyu, ba kaɗan ba ne.

Minti goma a kullum ya fi awa guda ranar Juma'a. A fara da haruffa uku da huɗu. S, T, O, P kaɗai za su ba da STOP, SPOT, POTS, TOPS, POST da OPTS, kalma 6 cikin jeri 24, kuma yaro ya ga da idonsa cewa amsa ba lallai ta zama ɗaya ba.

Mai Nazarin Harshe

Allah ya ƙara wa Baba Hedimasta lafiya, ya share hanya. Zan tsaya a kan abu ɗaya da littattafan da aka rubuta don yaran Ingila ba za su faɗa miki ba, Malama, domin matsalar tamu ce.

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Babu gaɓar da ke farawa da baƙaƙe biyu a cunkushe, kuma mafi yawan kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Shi ya sa duk kalmar da muka aro sai mun buɗa ta: BREAD ta zama burodi, GLASS ta zama gilashi, BRAKE birki, DRIVER direba. Yaron da ya tashi da wannan kunnen, idan aka zube masa haruffa, hannunsa da kansa zai riƙa jera baƙi, wasali, baƙi, wasali, ya kuma nemi wasalin da zai rufe da shi. Ba shi C, H, R, S, T, A, C ki gani. Wasali ɗaya ne, baƙaƙe shida, zai ce miki an yi kuskure a tambayar. Alhali SCRATCH ce. STRENGTH haruffa 8 ce da wasali ɗaya tak. RHYTHM ma babu A, E, I, O ko U a cikinta, Y ce ke riƙe da aikin.

Maganin shi ne a koyar da cunkoson baƙaƙe a matsayin darasi mai zaman kansa, kuma a rubuta kowane cunkoso a murfi ɗaya, kada a raba. Na farkon kalma: BL, BR, CL, CR, DR, FL, FR, GL, GR, PL, PR, TR, da dangin S, wato SC, SK, SL, SM, SN, SP, ST, SW. Ki lura da cewa L da R su ne suka fi zama na biyu, S kuma ta fi zama ta farko. Masu uku ba su da yawa: STR, SPR, SPL, SCR, sai THR da SHR. Na ƙarshen kalma: ND, NT, NK, MP, ST, SK, LD, LT, FT, CT, TCH, NCH, GHT. Dokar da za ki ba su mai sauƙi ce: idan wasali ɗaya ne cikin haruffa biyar ko fiye, a dasa shi a tsakiya, a gina cunkoso hagu da dama.

Akwai kuma tarkon rubutun boko kansa. A wurinmu C ita kaɗai tana ba da sautin da ke farkon "ciki", don haka yaro ba ya neman H ya haɗa mata. Sautin K kuma K yake nema, alhali Turanci ya fi rubuta shi da C, kamar CAT da CLASS. TS a wurinmu tana buɗe kalma, tsaye, tsuntsu, a Turanci kuwa wurinta ƙarshe, CATS, POTS. KW tamu ita ce QU tasu. Haruffa huɗu, P, Q, V da X, ba sa cikin abacadan Hausa, kuma a kansu ne ake yawan tuntuɓe.

P da F su suka fi. Ki haɗa musu waɗannan rukunai biyu gefe da gefe. A, E, L, P na ba da LEAP tsalle, PALE koɗaɗɗe, PLEA roƙo, PEAL ƙarar ƙararrawa. A, E, L, F na ba da LEAF ganye da FLEA ƙuma. Yaron da bai raba sautin biyu ba zai ɗauki P ya rubuta LEAP yana nufin ganye. Harafin ya yi daidai, ma'anar ta kauce, kuma ba za ki gane ba sai kin ce ya sa kalmar a jimla. Haka B da V, BEST da VEST.

Ɗan Wasan Scrabble

Salamu alaikum. Ni ta ɓangaren wasa zan shigo, domin wannan aikin shi ne sana'ar masu buga Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa a kan allo, kuma Nijeriya ba baya ba ce a ciki. Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ya doke Lewis Mackay na Ingila wasa 4 ba ko ɗaya a zagayen ƙarshe, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

Da izinin Baba Hedimasta, a abu ɗaya muka ɗan saɓa. Da'ira tana da kyau ga mai koyo, amma 'yan gasa jera haruffan suke yi bisa tsarin abacada, kullum iri ɗaya. Dalili: duk yadda aka hargitsa kalma, idan aka jera ta daga A zuwa Z siffa ɗaya za ta ɗauka, sai ƙwaƙwalwa ta riƙe wannan siffar tare da amsoshinta. LISTEN, SILENT, ENLIST, TINSEL da INLETS duk EILNST ne. Wanda ya saba, da ya ga AEINRST ba ya tunani, RETAINS, NASTIER, RETINAS, STAINER da STEARIN za su zubo masa. Ana yin katin haddar haka: jerin abacada a gaba, kalmomin a baya, a gefe kuma a rubuta adadinsu don mutum ya san saura nawa bai samo ba.

Mataki na gaba shi ne tushe mai haruffa shida. Mafi shahara shi ne TISANE, wato A, E, I, N, S, T. A jerin Collins, wato jerin kalmomin da aka halatta, wanda shi ake amfani da shi a gasanninmu, kusan kowane harafi ka ƙara masa sai ya ba da kalma mai haruffa bakwai, ban da Q da Y. Ƙara D: INSTEAD, DETAINS, STAINED, SAINTED. Ƙara G: SEATING, TEASING. Ƙara L: SALIENT, ENTAILS, ELASTIN. Ƙara M: INMATES. Ƙara V: NATIVES, VAINEST. Ƙara K: INTAKES. Ƙara Z: ZANIEST. Bayan shi sai SATIRE da RETINA. Ba tsafi ba ne, waɗannan suna cikin haruffan da suka fi yawa a Turanci da kuma a jakar da ake ɗiban haruffan wasan.

Tunda ana maganar murafen kwalba, ga adadin da za a bi a haɗa cikakken saiti na 100 kamar na wasan: E 12, A da I 9 kowanne, O 8, N, R, T 6 kowanne, D, L, S, U 4 kowanne, G 3, B, C, F, H, M, P, V, W, Y 2 kowanne, J, K, Q, X, Z ɗaya-ɗaya, sai fanko 2 da ke tsayawa a madadin kowane harafi. Wasula 42 ke nan, baƙaƙe 56. Alfred Butts, mai zanen gine-gine a Amurka da ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930, ƙirga haruffan jarida ya yi ya fitar da wannan rabon. Kada a yi kowane harafi huɗu-huɗu, yara za su yi ta jawo Q da X da Z su kasa haɗa komai, su ce wasan ba daɗi.

Allon gida 15 ne tsaye 15 kwance, kowa na riƙe haruffa 7, wanda ya zubar da bakwai ɗin a bugu ɗaya yana da ƙarin maki 50. Amma kada a raina gajeru. Bugun Collins na 2019 yana da kalmomi masu haruffa biyu guda 127, kuma V ce kaɗai ba ta shiga ko ɗaya ba. Q maki 10 ce. A ɗora ta a gidan da ke ninka harafi sau uku, ta ba da QI a kwance da QI a tsaye, maki 62 ke nan.

Sannan muna da gata da ba kowa ke da shi ba. Kalmomin Q marasa U da ke wahalar da Bature, da yawansu daga Larabci suke, mun san su tun daga makarantar allo: QADI alƙali, FAQIR faƙiri, QIBLA alƙibla, WAQF waƙafi, TALAQ saki, NIQAB. Duk Collins ta karɓe su. ZAKAT, MALLAM, NAIRA da KOBO ma suna ciki. Sunan gari ko na mutum dai ba ya shiga. KANO ba ta halatta, sai dai a juya ta ta zama KOAN ko KAON.

Malamar Aji Shida

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma Yaya mai Scrabble, STEARIN da KAON ɗin nan ko ni ban san su ba, balle ɗan shekara goma sha ɗaya. Idan yaro ya kawo mini irinsu ya ce a waya ya gani, ya zan yi da shi? Kuma har yanzu ba a ce komai a kan CHEATER ɗina ba.

Uwar Ɗakin Karatu

Malama, a ba shi makinsa cikakke. Idan tambayar cewa ta yi a jera haruffa a fitar da kalmar Turanci, CHEATER kalma ce, ta cinye haruffa bakwai ɗin duka, laifin na mai tambaya ne. Da wani ya rubuta HECTARE, wato hekta, awon fili mai murabba'in mita 10,000, shi ma ya ci. Gyaran yana wurin tsara tambaya: a haɗa kowace da ɗan haske na ma'ana, "mai koyarwa a aji", ko a ba da jimla mai gurbi, ko a faɗi harafin farko. Kafin ki ba da tambaya ki bincika ko tana da 'yan'uwa. EDUCATION tana da CAUTIONED da AUCTIONED. TRIANGLE tana da INTEGRAL, RELATING, ALTERING da ALERTING. A zauren jarrabawa kuwa, inda ba mai saurarar hujja, ki gaya musu su zaɓi kalmar da aka fi sani.

Game da STEARIN, wani kitse ne mai tauri da ake kyandir da sabulu da shi, KAON kuma wani ƙanƙanin ɓurɓushi ne da masana kimiyyar fiziya ke magana a kai. Ɗan wasa ba ruwansa da wannan. Nigel Richards, ɗan Niyu Zilan, ya ci gasar duniya ta Scrabble na Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, jerin kalmomin kawai ya haddace. Wannan bajinta ce a fagen wasa, amma ba ita kike nema a aji shida ba. Ni a ganina dokar aji ta zama: kalmar da ba ka iya faɗin ma'anarta ko sa ta a jimla ba, rabin maki. In ya duba ƙamus ya dawo da ma'anar gobe, a cika masa. Ƙamus na ɗalibai shi ne alƙali, ba jerin gasa ba. Jerin Collins ya haura kalma 270,000, cike da tsofaffin kalmomi da na yankin Sukotlan waɗanda ba za su taɓa fitowa a jarrabawa ba.

Guntayen goshi da ƙeya da Baba Hedimasta ya lissafa, wato ɗafi, su ne kuma mabuɗin ma'ana, don haka a koyar da su tare, kada a raba. UN tana kore abu, TIE ɗaure, UNTIE kwance. RE maimaitawa ce. MIS yin abu ba daidai ba. PRE kafin. A ƙeya, LESS rashi, FUL cika, kuma L ɗaya ce ba biyu ba. NESS, MENT da TION suna mai da kalma suna. LY yawanci bayanau. ER tana da fuska biyu: mai aikata abu a TEACHER, fifiko a TALLER. A nan ma akwai rami, domin ba kowace ER ko RE ce ɗafi ba. Ta cikin FINGER da READ jikin kalmar ce.

A kula da canjin da ɗafi ke jawowa, domin yana canza adadin haruffa. MAKE tana zubar da E ta zama MAKING. STOP tana ninka P ta zama STOPPING. CARRY tana mai da Y ta zama I a CARRIED. Don haka idan an cire ING aka ga saura M, A, K, ba a ɓata ba. Idan an ga baƙi biyu iri ɗaya tare da ING ko ED, a fara manna su kafin ɗafin.

Amfani mafi girma da nake gani a wannan atisaye shi ne tagwayen da ke rikita har manya a rubutu, haruffa ɗaya, ma'ana nesa da juna. QUIET shiru, QUITE sosai. ANGEL mala'ika, ANGLE kusurwa. DIARY littafin rubuta al'amuran kullum, DAIRY wurin sarrafa madara. TRIAL shari'a ko gwaji, TRAIL sawu. MARITAL abin da ya shafi aure, MARTIAL abin da ya shafi yaƙi. SACRED mai tsarki, SCARED a tsorace. UNITED a haɗe, UNTIED a kwance. FORM da FROM kuwa ko a takardun ofis ana musanya su. Ki ba su haruffan, su fitar da biyun, su yi jimla da kowace. CONSERVATION da CONVERSATION a ajiye wa masu ƙoƙarin ajin.

Sai rubutun Ingila da na Amurka. Makarantunmu na Ingila suke bi. CENTRE da CENTER haruffansu ɗaya, don haka yaro na iya jera kowace, ki nuna musu ta farkon ce tamu. METRE da METER kuma a rubutun Ingila kalmomi biyu ne daban: ta farko awon tsawo, ta biyu na'urar awo irin mitar wuta.

Injiniyan Manhaja

A kan tambaya ta uku, ranki ya daɗe. Manhajar ba ta gwada jeri 5,040. Abin da ɗan wasan Scrabble ya bayyana shi take yi: tun farko an bi ƙamus an jera haruffan kowace kalma bisa abacada, an tara masu siffa ɗaya a wuri ɗaya. Kin shigar da haruffa, ta jera su, ta ɗauko abin da ke ƙarƙashin wannan siffar. Idan ana son gajerun kalmomi ma, haruffa 7 rukuni 127 kawai za a iya tsamowa daga cikinsu, sai ta duba kowanne. In akwai fanko ta maimaita sau 26. Shi ya sa amsa ke fitowa kafin ki ɗaga yatsa.

Ingancinta duka yana ga jerin kalmomin da aka loda mata. Da yawa na Amurka ta Arewa suke ɗauke da shi, wanda ya fi Collins ƙanƙanta, sai su ce kalma babu alhali a gasar nan gida tana nan. Wasu kuma tarkacen intanet aka zuba musu, da gajerce-gajercen sunaye da kalmomin batsa, ba tacewa. A duba saitin, a ga wane jeri aka zaɓa, kafin a miƙa wa yaro. Wadda ba ta nuna ma'ana a gefen kalma ba ta da amfani ga ɗalibi.

Ke ce ya kamata ki fi amfani da ita, wajen bincika ko tambayarki tana da amsa biyu. Ga yara kuwa, a sa agogo: minti biyu a kan kowace tambaya da murafe ko takarda, su rubuta duk abin da suka samo, sannan a buɗe waya a ga abin da ya tsere musu. Cikin waɗanda suka tsere a zaɓi biyu kawai da ke cikin ƙamus na ɗalibai, a rubuta su a katin hadda da ma'anarsu, a sake jefa su cikin tambayoyin mako mai zuwa a wata hargitsawar daban. Masu son shiga gasa su nemi Zyzzyva a kwamfuta, kyauta ce, tana jero tambayoyin bisa yawan yiwuwar fitowar haruffan daga jaka.

Tsohon Hedimasta

Na yarda da ɗana mai Scrabble a kan jerin abacada, amma ga wanda ya riga ya san kalmomin. Ɗan aji shida bai tara abin da zai tuno ba tukuna, shi gini yake yi, don haka a bar shi da wasula sama, baƙaƙe ƙasa, sai ya shiga sakandare. Abu ɗaya da ban faɗa ba, Malama: idan za ki hargitsa kalma da kanki, kada ki bar harafin farko da na ƙarshe a mazauninsu, domin ido zai karanta ta ba tare da wani aiki ba. Ki kuma raba guntayen, kada ING ko TH su zauna a manne. A makon farko kaɗai za ki bar su a manne da gangan, daga mako na biyu ki watsa su.